Ga 'yar'uwar da ta ce har yanzu baƙuwa ce a ikilisiya

Salama, ƙanwata. Kin ce aure ne ya kawo ki Kano, kina zuwa sujada a Sabon Gari kowace Lahadi amma daga gaisuwa babu abin da ke haɗa ki da kowa, a gida kuma maigida sai dare yake dawowa daga kasuwa. Kina tambaya ta ina za ki fara.

Kada ki sa rai Lahadi kaɗai za ta ba ki 'yan'uwa. Majami'un Sabon Gari manya ne, ana tashi daga sujada ta fari masu ta biyu na tsaye a bakin ƙofa, kowa na sauri ya tari adaidaita sahu zuwa Badawa ko Dakata ko Jaba. Ba wulaƙanci ba ne, nisa ne da kuɗin mota. Sanin juna a tsakiyar mako ake yinsa.

Ki shiga Zumuntar Mata, ko da ba ki iya waƙa ba. Ni ma muryata ba ta kai ko'ina ba, tulu nake bugawa. A wajen koyon waƙa ne ake jin wace ce ta haihu, mijin wa ke kwance a asibiti, ɗan wa aka koro saboda kuɗin makaranta. Idan an ce za a je barka, ki bi su, ki riƙe ko da sabulu ne ko kunun kanwa a kula don mai jego. Idan rasuwa aka yi, kada ki tsaya kan benci da baƙi. Ki ɗaura zani ki zagaya bayan gida inda ake wanke kwanuka ana hura wuta. Matar da kuka tsuguna tare kuna gyaran shinkafa hayaƙi na shiga muku ido, ba za ta sake wuce ki a coci ba. Kuma da yake yawancinmu gida ake kai gawa, Filato ko Kudancin Kaduna ko Gombe, idan ana karo-karon kuɗin mota ki sa naki komai ƙanƙantarsa. Shi ya sa aka ce zumunci a ƙafa yake.

Wani abu da nake gani yana raba mu shi ne kowa ya maƙale wa 'yan garinsu. Taron ƙabila yana da amfaninsa, amma kada ki tsaya nan. Batangale da Bajju da Bura da Hausawan ƙauyukan Kano duk Hausa ce ta haɗa mu a benci ɗaya, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinta. Ki gayyaci wadda ba yarenku ɗaya ba ta ci tuwo a gidanki.

Batun gida kuwa, kada ki tsara doguwar sujadar dare ga mutumin da ya wuni a tsaye a shago, barci zai yi ki ji haushi. Waƙa ɗaya, aya kaɗan, addu'a, kafin ya fita da safe. In ya dawo ku ci abinci tare, waya a ajiye. Ki riƙa kiran surukarki ba sai da dalili ba.

Sai abin da ya fi damuna. Idan kun saɓa da maigida, kada ki kai shi gaban mata da sunan roƙon addu'a. Na ga gidajen da wannan ya girgiza, domin kafin Lahadi maganar ta zaga, shi kuma ya daina zuwa coci don kunya. Matiyu 18:15 ta ce a fara samun mutum shi kaɗai. In abin ya fi ƙarfinku, ku nemi dattijo ɗaya ko matar fasto mai riƙe sirri. In ya doke ki kam, ba abin ɓoyewa ba ne, a ranar za ki faɗa wa fasto da iyayenki.

Maƙwabtanki Musulmi ma kada ki manta da su. Da Sallah za su aiko miki da nama da tuwo, ke ma da Kirsimeti ki aika da shinkafa da cincin, kazar kuma ki ba Musulmi ya yanka don su ci hankali kwance. Ranar da ciwo ya tashi da tsakar dare, su ne za su riga 'yan coci isowa.

Wace unguwa kike? Ki faɗa mana a nan, wataƙila akwai masu sujadar gida kusa da ke.