Tambaya da Amsa: Mata baƙar fata da aikin fasto a cocin Baftis

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni 'yar Sabon Gari ce nan Damagaram, ƙanwar babata na Amurka ta gama karatun tauhidi tun tuni amma har yau ba cocin da ya ba ta fasto, wai don Allah me ke kawo haka?

Amsa: Ɗiyata abin da ciwo wallahi. Su Baftis ba bishop ne ke tura fasto ba, kowane coci shi ke zaɓen nasa, to in kwamitin dattawa duk maza ne kuma suka riƙe 1 Timoti 2:12, ayar da ta ce kada mace ta koyar ko ta yi iko da namiji, sai mace ta yi ta jira, a ce ta riƙe makarantar Lahadi ko mawaƙa ko zumuntar mata, alhali mata ne suka fi cika kujeru kuma su ke ɗauke da baiko. Ga launin fata a kai, nauyi biyu kenan.

Tun 1900 Nannie Helen Burroughs, wata malama baƙar fata, ta tsaya gaban taron National Baptist Convention, ƙungiyar cocin Baftis na baƙaƙen fata a Amurka, tana kukan yadda ake tare wa mata hanya. Southern Baptist kuma, babbar ƙungiyar Baftis ta Amurka, a 2000 suka rubuta cewa fasto na maza ne kawai, a 2023 har suka fitar da cocin Saddleback daga cikinsu don ya naɗa mata fasto. Ni dai ban yarda da wannan ba, wadda ta yi karatu ta iya kiwon jama'a a bar ta ta yi.

Ki ce wa innarki ta leƙa American Baptist Churches, wata ƙungiyar Baftis ce daban, can ne wata baƙar fata Suzan Johnson Cook ta zama babbar fasto a Mariners' Temple na New York a 1983.