Ga ƙanwarmu mai neman manazarta kan masaƙun Kakuri

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun da safe na ga tambayarki, na bari sai da na taso daga aiki don in amsa miki a tsanake. Kin ce kina ajin ƙarshe, furojet ɗinki kan durƙushewar masaƙun Kakuri ne, kuma malamin da ke duba aikin ya dawo miki da babi na biyu, ya ce abubuwan da kika kwaso daga intanet ba abin dogaro ba ne. Kina tambayar ina za ki dosa.

Bari in fara da abin da ya same ni. Ranar da na je kare kundina, ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya ɗora yatsa kan wata ƙididdiga da na sa, ya ce, "Wa ya ƙirga?" Na ambaci shafin da na gani. Ya ce, shi mai shafin daga ina ya samo? Na yi shiru. Da na koma gida na bi sawu, sai na tarar shafuka uku ne suke kwafar juna, babu wanda ya faɗi tushe. Mako biyu na yi ina gyara. Tun daga ranar, abin da ban buɗe da hannuna na karanta da idona ba, ba ya shiga aikina. Ina jin abin da malaminki yake nufi ke nan, ba wai intanet ɗin yake ƙi ba.

Ke kam kin yi sa'ar maudu'i, domin kayan aikinki suna cikin garin nan na Kaduna. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited da ke Kakuri, a 1957 ta fara aiki, zamanin Sardauna, kuma gwamnatin Jihar Arewa na da hannu a kafa ta. To, takardun waccan gwamnati suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Sai Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda yake cibiyar binciken tarihi ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ki haɗa da katin makaranta, ki tafi da wuri. Kada ki shiga ki ce "ina neman bayani kan masaƙu", za a rasa ta inda za a taimake ki. Ki ce kina neman abin da ya shafi kafa KTL, ko yajin aikin ma'aikata, ko cinikin auduga a shekaru kaza. Ma'aikatan irin waɗannan wurare sun san fayil kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta, amma sai kin gaishe su da ladabi, kin kuma faɗi takamaiman abin da ya kawo ki.

Ki tambayi tsofaffin jaridu, musamman New Nigerian wadda ta fara fitowa a Kaduna a 1966, da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Amma ki karanta su da lura. Jaridun gwamnati ne, saboda haka abin da suke ba ki shi ne yadda aka ba da labari a ranar, da kuma bakin wanda ya bayar. Haka nan tsofaffin ma'aikata da ke zaune a Kakuri da Makera da Nasarawa. Ki je ki zauna da su, ki nemi izini ki naɗi muryarsu, ki leƙa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa da hedikwatarta ke nan Kaduna. Abin da dattijo zai gaya miki na ranar da aka rufe ƙofa babu littafin da ya rubuta shi. Sai dai idan ya ba ki shekara ko adadi, ki nemi takarda ta tabbatar, domin mutumin da aka riƙe wa haƙƙi da zuciyarsa yake tunawa. Inda jarida da ma'aikaci da fayil suka saɓa, kada ki ɓoye, ki rubuta saɓanin. Nan ne ma aikin yake nuna ke kika yi shi.

Yanzu intanet. Ki bar akwatin Google na kowa da kowa, ki koma Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana. Ki sa kalmomi biyu ko uku da Turanci, ba doguwar jimla ba. Idan kika samu maƙala ɗaya mai kyau, ki gangara ƙarshenta ki ga wa da wa ta dogara da su, sannan ki danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Maƙala ɗaya takan haifar miki goma. Akwai AJOL, inda mujallun ilimi na Afirka suke, da yawansu kyauta. Akwai JSTOR, shi ma rumbun mujallun ilimi ne, wanda za ki iya buɗe asusu ki karanta wani adadi a wata ba tare da biya ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana ɗora kundayen digiri na biyu da na uku a rumbunta na intanet, kuma in kin samu dama, ki hau mota ki wuni a Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru. Kafin duk wannan, ki shiga laburaren makarantarku ki tambayi rumbunan da suke da rajista da su. Ɗalibai da yawa har su gama ba su san akwai ba, suna ta ƙona data.

Duk abin da kika samu, ki yi masa tambayar da aka yi mini. Wa ya rubuta, a ina yake aiki, a wace shekara, shi kuma daga ina ya samo? Idan wani ya ce shigar Najeriya Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995 ce ta kashe masaƙu, wani ya ce fasa-ƙwauri ne, wani ya ce wutar lantarki da baƙin mai, ki duba wanne ya kawo hujja, wanne kuma ra'ayi kawai ya zuba. Ki yi hattara da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda, babu masanin da ya tace ta. Wikipedia ki ɗauke ta ɗan jagora, ki bi manazartar da ke ƙasa, kada ki ambace ta. Masu sayar da babi ɗaya zuwa biyar a intanet kuwa, don Allah ki nisance su, abu ɗaya suke sayar wa ɗalibi ɗari. ChatGPT ma yakan ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara, duk babu su. In ya ba ki suna, ki neme shi a Google Scholar, in bai fito ba ki watsar.

Ki ware littafi guda, duk abin da kika karanta ki rubuta marubuci, shekara, take da lambar shafi nan take, fayil kuma ki kwafi lambarsa daidai yadda take a bango. Idan kin tattara kamar goma sha biyar, ki kai wa malaminki jerin ya duba kafin ki sake taɓa babin. Allah ya ba da sa'a, ki dawo ki faɗa mana abin da kika tarar a titin Rabah.