Filin Tambaya: Ɗan leƙen asiri a duniyar Mars

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta littafin yaƙin sararin samaniya da Hausa. Jarumina ɗan leƙen asiri ne da aka tura duniyar Mars ya kifar da wani azzalumin janar. Abokaina sun karanta, sun ce labarin bai kama hankali ba. Ina gyaran yake? Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da maganar nisa. Saƙon rediyo daga nan zuwa Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, zuwa kawai ban da dawowa. In jaruminka ya tambayi ubangidansa "in harba?", amsa tana iya kai minti 40 ba ta iso ba. Sannan duk bayan wata 26 rana tana shiga tsakanin duniyoyin biyu, sadarwa ta tsaya kusan mako biyu. Da ni ne kai, a waɗannan makonni zan saka juyin mulkin. Kada kuma ka kawo masa ɗauki cikin dare ɗaya: kumbon da ya kai motar bincike ta Perseverance duniyar Mars ya tashi ranar 30 ga Yulin 2020, bai sauka ba sai 18 ga Fabrairun 2021.

Sai iska, wadda ita ce gadon sarautar janar ɗinka. Iskar Mars kusan kashi 95 cikin 100 kabon dayoksaid ce, ba ta shaƙuwa. Mutum ɗaya yana buƙatar kimanin giram 840 na oksijin a rana, ke nan gari mai mutum 10,000 zai sha fiye da tan 8 kullum. Na'urar samar da oksijin mai suna MOXIE, da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka (NASA) ta gwada a can, giram 122 kacal ta samar a duk aikinta. To wanda ke riƙe da injin iska me zai yi da bataliya? Unguwar da ta yi bore, sai ya rage mata famfo. Bindiga ma abin tsoro ce ga kowa, domin harsashi ɗaya in ya huda bango, iskar ɗakin za ta fara tserewa waje, in ba a toshe ba maharbi da wanda aka harba su tafi tare. Faɗan littafinka a bakin ƙofofi da ɗakin injina ya kamata ya kasance.

Ga abin da zai tona asirin jarumin: tafiyarsa. Ƙarfin jan ƙasa a Mars kashi 38 ne cikin 100 na namu, don haka baƙo zai riƙa tsalle-tsalle yana buga kai, 'yan gari su gane shi tun daga nesa. Ka ba shi watanni yana koyon taku.

Inda marubuta suka fi faɗuwa shi ne ganin cewa in an kashe janar an gama. Ranar 13 ga Fabrairun 1976 an kashe Janar Murtala Muhammad, Laftanar Kanar Dimka, wanda ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin, ya yi jawabi a gidan rediyo a Legas, amma manyan kwamandoji ba su bi shi ba, juyin ya wargaje a ranar. Aikin ɗan leƙen asirinka jawo mutane ne: injiniyan iska, mai tsaron ma'ajiyar makamai, mai kula da sadarwa. Ya kasa su uku-uku, kowane rukuni bai san na kusa da shi ba, ta yadda in an kama mutum ɗaya sunaye biyu kawai zai iya furtawa.

Maganar soja kuwa, a Zariya kake, garin da Defo yake horar da kurata. Ka samu tsofaffin sojoji ka saurari yadda suke magana. Ka kiyaye jerin muƙamai: kofur, saje, samanja, sannan hafsoshi daga laftanar zuwa sama. Saje ba ya ba kyaftin umarni, amma shi ya san wane soja ne zai ƙi harbi in an ce ya harba.