Me ya sa murya ke yankewa a karatun bidiyo?

Malam, ka ce kana unguwar Nima a Accra kana karantar da ɗalibai ta manhajar Zoom, wasu suna Kumasi, wasu Jamus, kuma murya tana yankewa duk da cewa gwajin gudun intanet yana nuna lamba mai kyau. Wannan lambar ba ita ke riƙe da hira ba.

Murya da hoto gutsure-gutsure suke tafiya. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba (milisakan dubu ne sakan ɗaya) a tafiya ɗaya ba ya damun hira; ya haura 400 kuwa, sai ku dinga katse juna. Abin da ya fi ɓata karatu shi ne rashin daidaiton isowa: wani gutsure ya zo da wuri, wani ya makara, manhaja ta watsar da wanda ya makara. Shi ya sa yaro yana jan madda sai ka ji ta guntule, kai kuma ka kasa gane ko shi ya yi kuskure. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

A gidanmu a Maamobi, kusa da Nima, da magariba yara ke tura bidiyo ta waya, hanyar da saƙo ke fita zuwa intanet ta cushe. Na shiga saitin na'urar Wi-Fi, na kunna QoS, wato tsarin da ke fifita wata na'ura a kan sauran, na ba kwamfutata fifiko, na kuma haɗa ta da kebul. Ka gwada haka. Sannan ɗalibai su kashe kyamara, ban da mai karatu, domin murya ba ta kai kilobit 100 a sakan ba, bidiyo kuwa yana neman 600 ko fiye.