Me ya sa ba a sa wa tsohuwar motar tsere sabon inji kawai?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa ake shafe shekaru ana farfaɗo da tsohuwar motar tsere, alhali ana iya ɗora mata sabon inji a huta. Ai da zarar an yi haka, darajarta ta zube.

Ɗauki Jaguar D-Type, wadda ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1955, 1956 da 1957. Mai sayenta lambar shasi da ta inji yake fara dubawa, ya ga ko sun dace da takardun kamfani. Shi ya sa a garejin ƙwararru ake kwance ta gaba ɗaya, ana ɗaukar hoton kowane ƙarfe kafin a cire shi. Sai a shafa wa sassan wani launi mai shiga tsagar da ido ba ya gani, domin ƙarfen da ya sha gudu yakan gaji.

Bodin ne ya fi cin lokaci. Alminiyum ne, da hannu ake bugunsa a lanƙwasa, kuma masu wannan sana'a sun yi ƙaranci. Ni dai na fi so a bar tsohon bodi da tabonsa in zai ɗauku.

In kuma za ta koma tseren ƙasa da ƙasa, sai hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ta ba ta takardar shaidar cewa yadda aka ƙera irinta a zamaninta haka take.