Zan iya bin 'yan ajinmu zuwa gidan giyar Cantillon?

Tambaya: Salam Malam. Ina karatun kimiyyar abinci a Beljiyam, malaminmu ya shirya mana ziyara zuwa Cantillon da ke Brussels, gidan giya ne tun 1900, suna yin wata mai tsami da ake kira lambic. Ba sa zuba yis, a buɗe suke barin dafaffen ruwan alkama da sha'ir ya kwana iska ta yi aikinta, sannan a ɗura a ganga har shekara 3. Tikitin ya haɗa da ɗanɗanawa a ƙarshe. Wani ɗan'uwa ya ce tsaminta ya mai da ita kamar khal (wato vinegar), wai kuma Hanafiyya sun halatta kaɗan. In je?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ka faɗa min ko akwai maki a kan ziyarar nan ba, kuma nan hukuncin yake. In darasi ne da za ka rasa maki, ka je ka ga aikin, da an fito da kofuna ka fice waje, don an hana zama inda ake zagayawa da giya. In yawon buɗe ido ne ka haƙura, balle kai za ka biya, ai kuɗin kofin na cikin tikitin.

Shi kuma ɗan'uwan nan ya ji tsoron Allah. Tsami ba ya mai da giya khal, khal sai abin da ke bugarwa ya tafi, ita kuwa lambic barasarta ta kai wajen kashi 5 cikin 100. Burkutu ma ai tsami gare ta, wa ya taɓa cewa halal ce? Maganar Hanafiyya kuma rabi ya ɗauko. Imam Abu Hanifa da Abu Yusuf sun yi rangwame ne a kan ɗan kaɗan na irin wannan abin sha na hatsi da ake sha don samun ƙarfi, ba don nishaɗi ba, Imam Muhammad ash-Shaibani ya haramta shi ɗungurungum kuma a kan maganarsa malaman mazhabar suke fatawa. Abu Musa al-Ash'ari ya tambayi Annabi (SAW) game da mizru, wani abin sha da ake yi da sha'ir a Yaman, ya ce duk mai bugarwa haram ne, yana Bukhari da Muslim. Haka kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne, kurɓa a tofar ma kar ka fara.

Ka sami malamin naku tun yanzu ka gaya masa ba ka sha, kar ka bari sai an miƙo maka kofi kunya ta kama ka. Kar ka ɗora hoton wurin a Facebook. Sannan na lura yadda ka zayyano aikin nasu dalla-dalla abin ya burge ka, to wannan ilimin na ƙwayoyin tsami yana aiki a nono da burodi da daddawa, can za ka nemi horon aiki, ba kamfanin giya ba ko da albashinsu ya fi. Wallahu a'alam.