Zauren Tambaya da Amsa: Sana'ar Sadarwa, Kula da Kwamfutocin Ofis da Wasannin Zamanin Makaranta

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na kammala babbar difloma a fannin kimiyyar kwamfuta, na kuma gama bautar ƙasa. Ina son in kama sana'ar haɗa sadarwar kwamfutoci, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in nemo takardar CCNA tukuna, alhali kuɗinta ya fi ƙarfina a yanzu. Shin babu wata ƙofar shiga sai ita?
Daga wani matashi a Zariya.

AMSA: Barka kadai, ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun da aka yi. Waɗanda suka ba ka wannan shawara ba su yi ƙarya ba, domin takardar CCNA, wato shaidar ƙwarewa a sadarwar kwamfutoci ta kamfanin Cisco, tana da daraja a idon masu ɗaukar ma'aikata, sai dai sun gaya maka ƙarshen hanya ne suka bar farkonta. Jarrabawar, wadda ake kira 200-301 tun daga watan Fabrairun 2020, ta sa'o'i biyu ce, kuɗinta dala 300, kuma takardar shekara uku kawai take yi kafin a sabunta ta. Saboda haka wanda ya ci bashi ya zauna mata tun hannunsa bai faɗa ba, ko dai ya faɗi ya yi asara, ko kuma ya ci ta hanyar haddace tambayoyin da ake sayarwa a ɓoye, takardar ta yi ta kwanciya a cikin jaka har wa'adinta ya cika. Irin wannan haddar nake roƙonka ka nisanta, domin a wajen ganawar ɗaukar aiki sau da yawa suwic, wato na'urar da ake jona wayoyin kwamfutocin ofis a jikinta, za a ajiye maka a kan tebur a ce ka raba ofishin kuɗi da ofishin ma'aikata ta hanyar VLAN, wato tsarin raba sadarwa guda zuwa sassa daban-daban, kuma a nan hadda ba ta ceton kowa.

Ilimin da ke cikin manhajar jarrabawar kuwa kana iya samunsa ba tare da ka biya ko sisi ba. Makarantar koyar da sadarwa ta Cisco, wadda aka kafa a 1997, tana ba da manhajar Packet Tracer kyauta ga duk wanda ya yi rajista, kuma a cikinta za ka jera rawutoci, wato na'urorin da ke haɗa wata sadarwa da wata kamar ofis da intanet, da suwic da kwamfutoci a kan allo, ka haɗa su, ka ɓata su da gangan, sannan ka gyara. Ka haɗa da Wireshark, ita ma kyauta ce, wadda ke nuna maka ainihin saƙonnin da ke kai da komo a cikin waya. Amma kafin duk waɗannan, ka zauna da biro da takarda ka ƙware a lissafin rabon adireshi. Adireshin IPv4, wato lambar da ake gane na'ura da ita a sadarwa, yana da bit 32 (gurabe 32 na sifili ko ɗaya), wanda ya ba da adireshi kusan biliyan 4.3 a duniya baki ɗaya, kuma babban rumbunsu ya ƙare tun watan Fabrairun 2011. Wannan ƙaranci ne ya sa kusan kowane ofis yake amfani da adireshin cikin gida masu farawa da 192.168 ko 10, yana fita intanet da adireshi guda. Idan aka ce maka 192.168.1.0/24, ya kamata ka san nan take cewa na'urori 254 zai ɗauka, idan kuma aka ce /26, ka san 62 ne. Wanda wannan lissafi ya zauna masa a ka ya wuce gaɓar da ta fi korar masu koyo.

Sai aikin hannu, wanda nake ganin matasanmu masu digiri da difloma sun fi raina shi, alhali shi ne yake fara kawo abin sawa a bakin salati. Ka sayi abin matse kan waya da 'yar na'urar gwaji da 'yan mitoci na wayar Cat6, ka koyi jera launukan nan takwas har ka iya yi ba tare da duba takarda ba, ka kuma riƙe cewa wayar ba ta wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. Daga nan ka nemi wanda za ka bi. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin jarrabawa suka yawaita a garuruwanmu, kowace da ɗaruruwan kwamfutoci da ke jone da babbar kwamfuta guda da ake kira saba, kuma duk lokacin jarrabawa suna neman hannu. Haka masu saka kyamarorin tsaro, da ƙananan kamfanonin da ke raba intanet a unguwanni da otal-otal, waɗanda da yawansu na'urorin MikroTik suke amfani da su saboda sauƙin kuɗinsu. Wata shida a bayan irin waɗannan mutane, kana hawa tsani kana jan waya a cikin silin, za su koya maka abin da aji bai koya maka ba, kuma daga ɗan abin da kake samu ne za ka tara kuɗin jarrabawar. Idan kana son zama a aji, cibiyar Digital Bridge ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da reshe a Kano, akwai kuma shirin 3MTT na horar da mutane fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Ka ƙara da Linux, wadda babbar manhaja ce irin Windows, da ɗan abin da ya sauwaƙa na Python, harshen rubuta manhaja, domin manyan cibiyoyi yanzu ba sa saita na'urori ɗaya bayan ɗaya da hannu.

TAMBAYA: Ni akanta ce a wata makaranta mai zaman kanta. Saboda na ɗan fi abokan aikina sanin kwamfuta, sai aka ɗora mini kula da kwamfutoci ashirin da firinta biyu da Wi-Fi. Kullum sai an kira ni an ce "babu netwok", ni kuma ban san ta inda zan fara ba, ga shugaban makaranta yana ganin sakacina ne.
Daga wata baiwar Allah a Katsina.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, kuma ki sani cewa yawancin masu kula da kwamfutocin ƙananan ofisoshi ta wannan hanya suka shigo aikin. Kalmar "babu netwok" tana iya nufin matsaloli daban-daban, don haka abin da zai cece ki shi ne bin su daki-daki, kamar yadda mai gyaran famfo yake bin bututu daga bakin famfo har zuwa tanki. Ki fara tambaya: mutum ɗaya ne abin ya shafa ko kowa da kowa? Idan mutum ɗaya ne, ki duba wayar da ke bayan kwamfutarsa ko 'yar fitilarta tana ƙyaftawa, sannan ki buɗe baƙin allon umarni ki rubuta ipconfig. Idan adireshin da ya fito ya fara da 169.254, to kwamfutar ta nemi adireshi daga rawuta ba ta samu ba, matsalar tana cikin gida ke nan. Idan adireshin daidai ne, ki yi ping, wato umarnin da ke gwada ko wata na'ura za ta amsa, zuwa rawutar, sannan zuwa 8.8.8.8, wanda adireshi ne a can intanet. In wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, to DNS ce ta tsaya, wato hidimar da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. In kuwa rawuta ta amsa amma 8.8.8.8 ya yi shiru, sai ki duba ko data ta ƙare kafin ki kira kamfanin da ke ba ku intanet. Wani lokaci ma abin ya wuce ƙasar baki ɗaya, kamar ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka yi ta fama.

Wannan duk kashe gobara ne, aikin gaskiya shi ne wanda ake yi ranar da komai yake lafiya. Ki buɗe littafi ki rubuta kowace na'ura da ɗakin da take da wanda ke amfani da ita, ki manna wa kowace waya lamba a kanta biyu, ki kuma rubuta duk matsalar da ta taso da yadda aka warware ta. Ki canza kalmar sirrin da rawuta ta zo da ita daga kamfani, ki ware wa baƙi da wayoyin malamai Wi-Fi na daban da na ofis, kuma duk ma'aikacin da ya bar aiki a rufe asusunsa a ranar. Ƙurar hunturu da zafin bazara da tsawar damina suna kashe na'urori fiye da yadda ake zato, saboda haka a riƙa busa musu ƙura, a sa wa rawuta da suwic UPS, wato na'urar batir da ke riƙe su idan an ɗauke wuta, a kuma cire su daga soket idan hadari ya taso.

Abin da na fi jin tsoro a makaranta irin taku shi ne sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta su kasance a kan kwamfuta guda. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin, kuma lokaci-lokaci a gwada buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. Kada kuma a riƙa ɗage sabunta Windows: cutar WannaCry da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017 ta bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Ki sanar da shugabanku a rubuce cewa wa'adin tallafin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, ki kuma nemi a rubuta wannan sabon nauyi cikin takardar aikinki tare da kasafin kuɗinsa, domin ba adalci ba ne a tuhume ki da abin da ba a ba ki kayan yinsa ba.

TAMBAYA: Malam, ina yawan tuna ɗakin kwamfuta na sakandarenmu, inda muke cire takalma a ƙofa, mu zauna mu huɗu a kan kwamfuta ɗaya, da malami ya fita sai mu rufe manhajar koyon buga rubutu ta Mavis Beacon mu buɗe Dave ko Prince of Persia. Shin ana samun waɗannan wasanni yanzu? Kuma ɗana ya fara son wasan kwamfuta, in hana shi ne?
Daga wani magidanci a Jos.

AMSA: Ɗan'uwa, wasiƙarka za ta taɓa zuciyar duk wanda ya yi makaranta a zamanin faifan fulofi mai ɗaukar megabait 1.44, lokacin da ake lulluɓe kwamfuta da mayafi bayan an tashi. Wasannin suna nan. Dangerous Dave na John Romero ne, ya fara fitowa a 1988, Prince of Persia kuma Jordan Mechner ne ya fitar da shi a 1989, bayan ya ɗauki ƙaninsa a bidiyo yana gudu da tsalle ya zana motsin a kan hoton, abin da ya sa tafiyar yariman take kama da ta mutum. Za ka tuna cewa minti 60 kacal ake ba ka ka kuɓutar da gimbiya. Manhajar DOSBox, wadda take kyauta, tana tayar da irin waɗannan wasanni a kan kwamfutar zamani, kuma a 2015 taskar Internet Archive ta saka wasannin DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, sama da 2,000 da ake bugawa kai tsaye a cikin burauza. Ka guji shafukan da ke cewa ka sauko da "tsofaffin wasanni dubu a fayil ɗaya", domin ta nan cututtukan kwamfuta suke yawan shiga.

Game da ɗanka, ra'ayina shi ne kada ka hana shi, ka dai tsara masa lokaci ka kuma zaɓa masa abin da zai buga. Ban yarda cewa sa'o'in da kuka yi a ɗakin nan sun tafi a banza ba. Shi kansa wasan karta na Solitaire an saka shi cikin Windows 3.0 a 1990 ne a lokacin da yawancin mutane ba su saba da linzamin kwamfuta ba, kuma da shi miliyoyi suka koyi ja da saki. Ɗalibin da ya buɗe Dave a ɓoye sai da ya koyi rubuta umarnin cd da dir, ya san inda fayil yake zaune, ya kuma san yadda ake kwafarsa zuwa fulofi. A Amurka, da wasan harbe-harbe na Doom ya fito a watan Disambar 1993, mutum huɗu suna iya bugawa tare ta hanyar sadarwar cikin gida, kuma sigarsa ta farko tana watsa saƙonninta ga kowace kwamfuta da ke kan layin, har cunkoso ya sa wasu jami'o'i da kamfanoni suka hana buga shi a lokacin aiki. Ɗalibai da yawa a wancan zamani sun fara fahimtar mene ne adireshi da katin sadarwa da waya ne don kawai su kara da abokinsu da ke ɗaya gefen ɗakin, kuma daga cikinsu aka samu masu riƙe da manyan cibiyoyin sadarwa daga baya.

Bambancin yau shi ne wasan waya yana zuwa a shirye, yaro ba ya haɗa komai da hannunsa, don haka kai ne za ka mayar masa da wannan ɓangare. Doom yana da zubar da jini da yawa, ban ba da shawararsa ga yaro ba. Akwai SuperTuxKart, wasan tseren motoci na kyauta da ake bugawa tsakanin kwamfutocin gida ɗaya. Ka samo kwamfuta biyu da wayar sadarwa guda, ka ce masa ba za a yi tsere ba sai ya haɗa su da kansa: ya ba ɗaya adireshin 192.168.1.10, ɗayar 192.168.1.11, ya yi ping daga wannan zuwa waccan. Katunan sadarwa na yanzu suna gane juna da waya ta yau da kullum, ba sai an nemo mai juyayyen kai kamar da ba. Idan ping ɗin bai amsa ba, yawanci katangar tsaro ta Windows ce ta tare shi, sai ka bar shi ya ɗan yi fama kafin ka nuna masa inda ake ba da izini.